Darasi na 14: Taimakon Gaggawa ga Kyanwa

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so ka iya:

1. bayyana abin da likitocin dabbobi suke nufi da durƙushewar jini;
2. gane alamunta a jikin kyanwa;
3. lissafa matakan taimakon gaggawa bi da bi;
4. amfani da sigar umarni da ta hani a Hausa.

Gabatarwa

Kyanwa tana cikin dabbobin da suka fi kusa da ɗan Adam. Wasu Hausawa suna kiranta mage, namijinta kuwa muzuru. A gidajen Jos da ƙauyukan da ke kewaye da ita za ka same ta a kicin, da gindin rumbu, da shagon mai hatsi, da gidan kaji, tana kare acca da masara daga ɓarnar ɓera. Hausawa suna yi mata kirari da "mage mai kwanciyar ɗaukar rai", saboda yadda take lafewa shiru kafin ta cafke abin da take farauta.

Sai dai wannan shiru nata yakan zame mata illa. Kyanwa dabba ce mai ɓoye ciwo. Idan kare ya ji rauni, yakan yi ta kuka har maƙwabta su ji. Ita kuwa sai ta shige ƙarƙashin gado ko bayan buhu ta kwanta. Mutanen gida suna zaton barci take yi, alhali ranta yana cikin haɗari. Wannan darasi zai nuna maka yadda za ka gane irin wannan hali, da abin da za ka yi tun daga lokacin da ka gane shi har zuwa lokacin da za ka miƙa ta ga likitan dabbobi.

Mece ce durƙushewar jini?

Ka dubi yadda ruwan famfo yake zuwa gida. Akwai injin da yake turo ruwan, akwai bututun da yake bi, akwai kuma ruwan kansa. Idan injin ya yi rauni, ko bututun ya fashe, ko ruwan ya yi kaɗan, famfon gidanku zai riƙa ɗiga ne kawai. Haka jikin dabba yake. Zuciya ce injin, jijiyoyi su ne bututun, jini kuma shi ne ruwan. Jini ne yake kai iskar oksijin da abinci ga ƙwaƙwalwa da ƙoda da hanta da sauran sassan jiki.

Idan jinin da yake isa waɗannan sassa ya kasa biyan buƙatarsu, sai su fara gazawa ɗaya bayan ɗaya. Wannan hali shi ne muka kira durƙushewar jini. Likitoci sukan ari kalmar Turanci su ce *shok*. Ka kula, ba firgita ko razana ake nufi ba. Kyanwar da ta firgita takan gudu, bayan ɗan lokaci ta dawo garau. Wadda jininta ya durƙushe kuwa tana iya mutuwa cikin 'yan sa'o'i idan ba ta sami magani ba.

Abubuwan da suke jawo ta

Za mu iya kasa su gida uku, daidai da misalinmu na famfo.

*Na farko, raguwar jini ko ruwan jiki.* Wannan ya fi yawa. Mota ko Keke Napep ya buge kyanwa, ko kare ya cije ta, ko ta faɗo daga saman bene. Jinin yana iya fita waje ka gan shi, yana kuma iya zuba a cikin ciki ko ƙirji inda ido ba ya gani. Amai da gudawa na kwanaki suna ƙarar da ruwan jiki, haka ma ƙunar tafasasshen ruwa ko mai. Akwai kuma wani nau'in maganin ɓera da yake hana jini daskarewa. Idan kyanwa ta ci shi, ko wani lokaci ta ci ɓeran da ya ci shi, alamun sukan bayyana ne bayan kwana uku zuwa biyar.

*Na biyu, sakin jijiyoyi.* Idan ƙwayoyin cuta suka shiga jini daga wani rauni da ya ruɓe, ko jiki ya yi mummunan bore saboda harbin zuma, jijiyoyi sukan saki su buɗe fiye da kima. Jinin yana nan, amma ba shi da ƙarfin tafiya.

*Na uku, raunin zuciya.* Wasu kyanwoyi suna da ciwon zuciya da ba a sani ba, sai rana ɗaya zuciyar ta kasa tura jini yadda ya kamata.

Domin ka fahimci girman haɗarin, ka riƙe wannan lissafi. Kyanwa tana da jini kimanin mililita 60 a kowane kilo na nauyinta. Ke nan mai kilo 4 tana da kimanin mililita 240, wato ƙasa kaɗan da rabin ledar ruwan sha mai mililita 500. Idan ta rasa kashi ɗaya cikin huɗu na wannan jini, wato cikin babban cokali huɗu kacal, ta shiga haɗari. Jinin da za ka raina a jikin mutum, a jikin kyanwa mai yawa ne.

Alamun da za ka duba

Kafin ka gane marar lafiya, sai ka san mai lafiya. Ga yadda kyanwa mai lafiya take:

- zafin jikinta digiri 38 zuwa 39 ne a ma'aunin Salshiyas, wato ya ɗan fi na mutum;
- zuciyarta tana bugawa sau 140 zuwa 220 a minti ɗaya;
- tana numfashi sau 20 zuwa 30 a minti ɗaya idan tana hutawa, bakinta a rufe;
- dasashinta ruwan hoda ne, mai danshi.

Yanzu ga abubuwa biyar da za ka duba idan ka yi zargin wani abu ya same ta.

1. *Halinta.* Tana kwance laƙwas, ba ta ɗaga kai idan ka kira ta, ko tana tangaɗi idan ta yi ƙoƙarin tashi.
2. *Ɗumin jiki.* Ka taɓa kunnuwanta da tafin ƙafafunta. Idan sun yi sanyi ƙarara, alama ce mai ƙarfi.
3. *Dasashi.* Ka ɗaga leɓenta na sama a hankali. Dasashin da ya yi fari fat ko ya koɗe yana nuna ƙarancin jini. Wanda ya yi shuɗi-shuɗi yana nuna ƙarancin iska. Sannan ka danna shi da yatsa har wurin ya yi fari, ka saki. Idan launin bai dawo cikin sakan 2 ba, jini ba ya gudana sosai.
4. *Bugun zuciya.* Ka sa tafin hannunka a ƙirjinta ta hagu, daidai bayan gwiwar ƙafar gaba. Ka ƙirga bugun na sakan 15, ka ninka sau huɗu. A nan kyanwa ta bambanta da kare da mutum. Su zuciyarsu takan ƙara sauri idan jini ya durƙushe, ita kuwa tata sau da yawa raguwa take yi, ta koma ƙasa da 140. Mutumin da bai san haka ba zai ji bugun yana tafiya a natse ya ce ai lafiya lau ne.
5. *Numfashi.* Yana iya zama sama-sama da sauri. Kyanwar da take numfashi da baki a buɗe tana cikin mawuyacin hali.

Idan ka ga biyu ko uku daga cikin waɗannan alamu tare, kada ka tsaya jiran sauran. Idan kuma kyanwar ta ƙi yarda ka taɓa bakinta, ka bar ta. Sanyin jiki da rashin kuzari sun isa hujjar tafiya asibiti.

Sanyin Jos da jikin kyanwa

Garin Jos yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga doron teku. Shi ya sa ya fi yawancin garuruwan Najeriya sanyi. A lokacin hunturu, musamman a Disamba da Janairu, awon yanayi yakan sauko kusa da digiri 10 da daddare. Da damina ma, idan aka yini ana ruwa a watan Agusta, mutane sukan sa rigar sanyi da rana tsaka.

Wannan yana da muhimmanci ga darasinmu. Ƙaramin jiki ya fi babba saurin rasa ɗumi, kamar yadda shayi a ƙaramin kofi yake riga wanda ke cikin tukunya hucewa. Kyanwar da jininta ya durƙushe ta riga ta fara sanyi tun daga ciki. Idan ta kwanta a kan siminti ko jiƙaƙƙiyar ƙasa, sai sanyin ya ƙaru. Shi kuma sanyi yana ƙara rage bugun zuciya, yana hana jijiyoyi tsukewa yadda za su riƙe ƙarfin jini. Da haka matsala ɗaya take haifar da ɗaya. Saboda haka a wuri irin Jos, ɗumama kyanwa yana cikin manyan ayyukan mai ba da taimakon gaggawa.

Matakan taimakon gaggawa

*Mataki na 1: Ka kare kanka.* Dabbar da take jin zafi tana iya cizon wanda ya raine ta. Ka kira babban mutum ya taimake ka. Ka matso a hankali, kana yi mata magana ƙasa-ƙasa. Ka lulluɓe ta da tawul ko tsohon zane mai kauri kafin ka ɗauke ta. Idan a kan titi take, ka fara duba ababen hawa kafin ka shiga.

*Mataki na 2: Ka ɗauke ta ba tare da lanƙwasa ta ba.* Ka sa hannu ɗaya ƙarƙashin ƙirji, ɗaya ƙarƙashin ƙugu. Idan mota ce ta buge ta, ƙashin baya yana iya karyewa. Sai ka zura faifan katako ko faffaɗan tire a ƙarƙashinta, ka ɗaga ta a kai.

*Mataki na 3: Ka duba numfashi.* Ka kwantar da ita a gefe ɗaya, ka miƙar da wuyanta kaɗan domin iska ta sami hanya. Ka cire duk abin da aka ɗaura mata a wuya. Idan akwai jini ko amai a bakin hanci, ka share da tsumma. Idan ta ƙi kwanciya a gefe, ta fi son zama a kan ƙirjinta, ka ƙyale ta, domin ita ta san yadda numfashin ya fi zo mata da sauƙi.

*Mataki na 4: Ka tsayar da jini.* Ka ninka tsumma mai tsabta ko bandeji, ka danne raunin da shi na aƙalla minti 5 ba tare da ɗagawa ba. Ɗagawa don leƙawa yana warware jinin da ya fara daskarewa. Idan tsumman ya jiƙe, ka ɗora wani a kansa. Idan akwai ƙusa ko kwalba da ta nutse a jiki, kada ka zare ta. Ka danne gefenta kawai.

*Mataki na 5: Ka ɗumama ta a hankali.* Idan a jiƙe take, ka tsane jikinta da tawul. Ka naɗe ta da bargo ko rigar sanyi, ka bar fuskar a buɗe. Ka zuba ruwa mai ɗumi a gorar roba, ka gwada a bayan hannunka, ka naɗe gorar da tsumma, ka ajiye a gefenta. Kada gorar ta taɓa fata kai tsaye, domin dabbar da ba ta da ƙarfi ba za ta iya matsawa ba idan tana ƙona ta. Wuri ɗaya ne ba a ɗumama kyanwa: idan zafi ne ya kayar da ita, kamar wadda aka manta a cikin rufaffiyar mota da rana. Wannan sai a kai ta inuwa, a shafa mata ruwa mai ɗan sanyi.

*Mataki na 6: Ka sa ta a kwali.* Ka huda ramukan iska a jikin kwalin, ka shimfiɗa tsumma a ƙasa, ka rufe saman. Duhu da shiru suna kwantar mata da hankali. Ka hana yara taruwa a kanta.

*Mataki na 7: Ka kira likita, ka kama hanya.* Ka buga waya tun kafin ka fita, domin a shirya kafin ku iso. Mota ko Keke Napep ya fi acaɓa, saboda iska da girgiza. Ka riƙe kwalin a cinyarka. Idan kana zargin guba ce, ka tafi da kwalbar ko ledar maganin.

Duk waɗannan matakai bai kamata su wuce minti 10 ba. Da zafi-zafi ake dukan ƙarfe.

Idan numfashi ya tsaya

Idan kyanwa ba ta motsi, ba ta numfashi, kuma ba ka jin bugun zuciya, babban mutum yana iya matsa mata ƙirji. Zai kwantar da ita a gefe, ya kama ƙirjin da hannu ɗaya daidai bayan ƙafafun gaba, babban yatsa a gefe ɗaya, sauran yatsun a ɗaya gefen. Sai ya riƙa matsawa yana saki sau 100 zuwa 120 a minti, wato kimanin sau biyu a kowane sakan, har a isa asibiti. Kada kowa ya sa bakinsa a hancin kyanwar da ba a tabbatar an yi mata allurar rigakafin haukan kare ba. Ka sani kuma, yawancin dabbobin da suka kai wannan matsayi ba sa farfaɗowa. Shi ya sa gane alamu da wuri ya fi komai.

Abubuwan da ba a yi

Hausawa sun ce da muguwar rawa gara ƙin tashi. Akwai taimakon da yake kashewa.

- Kada ka ɗura mata ruwa ko madara ko manja. Dabbar da ta galabaita ba ta iya haɗiya sosai, abin zai bi ta hanyar iska ya shiga huhu. Manja ba ya karya guba.
- Kada ka ba ta maganin mutane. Farasitamol guba ne ga kyanwa, domin hantarta ba ta iya sarrafa shi kamar tamu. Ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta.
- Kada ka ba ta ruwan gishiri don ta yi amai.
- Kada ka zuba toka ko ƙasa ko baƙin mai a rauni.
- Kada ka ajiye ta a bakin murhu ko kaskon gawayi. Zafi mai ƙarfi yana janyo jini zuwa fata, ya bar zuciya da ƙwaƙwalwa da ɗan kaɗan.
- Kada ka girgiza ta ko ka watsa mata ruwan sanyi wai don ta farfaɗo.
- Kada ka ce bari a ga abin da gobe za ta yi.

Idan ta cije ka ko ta yakushe ka

Ciwon haukan kare yana kama kyanwa, yana kuma kama mutum ta hanyar miyan dabbar da ke ɗauke da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutane kimanin 59,000 a kowace shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya. Da zarar alamunsa sun bayyana, da wuya a rayu. Amma allurar da ake yi bayan cizo tana hana shi idan an fara da wuri. Saboda haka ka wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ka gaya wa iyayenka, ku je asibiti a ranar.

Tattaunawa ta waya

Ka karanta wannan tattaunawa tare da abokin zamanka. Ka lura da yadda ɗalibar take ba da bayani a taƙaice.

Ɗaliba: Barka da yamma, Likita. Daga Angwan Rukuba nake kira. Keke Napep ne ya buge kyanwarmu.

Likita: Ayya, sannu 'yata. Yaushe abin ya faru?

Ɗaliba: Bai fi minti 10 ba.

Likita: Tana numfashi?

Ɗaliba: Tana yi, amma sama-sama. Kunnuwanta sun yi sanyi, dasashinta kuma ya yi fari.

Likita: Akwai inda jini yake fita?

Ɗaliba: Akwai, a ƙafar baya. Yayana yana danne da wurin.

Likita: Madalla. Ki ce masa kada ya ɗaga hannu. Kun ba ta wani abu?

Ɗaliba: A'a. Kakata ta ce a ba ta manja, na roƙe ta mu fara jin ta bakinku.

Likita: Kin yi daidai. Kada ku ba ta komai. Ki naɗe ta da bargo, ki sa ta a kwali, ku taho yanzu. Za mu shirya kafin ku iso.

Ɗaliba: To, Likita. Mun gode, ga mu nan tafe.

Abin da likita zai yi, da inda za a same shi

Taimakon gaggawa yana jinkirta haɗari ne kawai. Maganin yana hannun likita. Zai ba kyanwar iskar oksijin, ya ɗumama ta, ya sa mata ƙarin ruwa ta jijiya kaɗan-kaɗan, domin ruwa mai yawa a lokaci ɗaya yana iya cika mata huhu. Zai ba ta maganin zafi irin na dabbobi, sannan ya nemi tushen matsalar. Idan maganin ɓera mai hana daskarewar jini ne, akwai makarinsa, wato bitamin K. Idan ta rasa jini da yawa, ana iya yi mata ƙarin jini daga wata kyanwar, bayan an gwada rukuninsu, domin kyanwoyi ma suna da rukunin jini: A da B da AB.

Mutanen Jos sun yi sa'a, domin jihar Filato tsohuwar cibiya ce ta aikin lafiyar dabbobi. A garin Vom, cikin ƙaramar hukumar Jos ta Kudu, akwai Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa. Tarihinta a Vom ya fara ne a 1924, lokacin da ake yaƙi da annobar shanu da ake kira ciwon bushiya, wadda aka bayyana kawar da ita daga duniya baki ɗaya a 2011. Har yau cibiyar tana sarrafa alluran rigakafin cututtukan dabbobi. A Vom ɗin kuma akwai kwalejin tarayya da take horar da ma'aikatan lafiyar dabbobi. Jami'ar Jos tana da tsangayar koyon likitancin dabbobi da asibitin koyarwa. Ban da waɗannan, akwai asibitocin dabbobi na gwamnatin jiha da masu zaman kansu a Jos da Bukuru. Abin da ya rage gare ka shi ne ka san wanda ya fi kusa da gidanku tun kafin buƙata ta taso.

Rigakafi ya fi magani

Ka ajiye maganin ɓera da fiya-fiya inda kyanwa ba za ta kai ba. Kada ka shafa mata maganin ƙuma da aka yi domin karnuka, saboda wasunsu guba ne gare ta. Ka riƙa shigar da ita ɗaki da daddare, musamman a hunturu. A lokacin sanyi kyanwoyi sukan shige ƙarƙashin mota don neman ɗumin inji, saboda haka ka tuna wa direban gidanku ya bubbuga murfin injin kafin ya tayar da safe. Ka kai ta allurar rigakafin haukan kare. Ka kuma tanadi ƙaramar jaka mai ɗauke da tawul, da bandeji, da filasta, da almakashi, da safar hannu, da tocila, da takarda mai lambar wayar likita.

Kammalawa

Kyanwar da ta yi laƙwas, jikinta ya yi sanyi, dasashinta ya koɗe, tana buƙatar abu huɗu daga gare ka: ka tsayar da jini, ka ɗumama ta, ka hana ta motsi, ka kai ta wurin likita da sauri. Ba ka buƙatar kayan asibiti kafin ka yi waɗannan. Tawul da kwali da natsuwa sun isa.

Ma'anar wasu kalmomi

- *durƙushewa*: faɗuwa ƙasa saboda rashin ƙarfi
- *dasashi*: naman da haƙora suke tsirowa a ciki
- *lafewa*: kwanciya shiru ba motsi don kada a gani
- *laƙwas*: yanayin jikin da ya saki, babu kuzari
- *galabaita*: wahala har ƙarfi ya ƙare
- *koɗewa*: raguwar launi
- *daskarewa*: komawar abu mai ruwa ya yi kauri ko tauri
- *makari*: maganin da yake karya ƙarfin guba
- *yakushi*: karta da farce
- *hunturu*: lokacin sanyi da busasshiyar iska

Nazarin harshe: umarni da hani

Idan za ka ba da umarni, kana amfani da *ka* ga namiji, *ki* ga mace, *ku* ga jam'i ko wanda kake girmamawa:

- Ka rufe kwalin. Ki rufe kwalin. Ku rufe kwalin.

Idan za ka hana, sai ka sa *kada* ko *kar* a farko:

- Kada ka ba ta madara. Kada ki ba ta madara. Kada ku ba ta madara.

Ka lura kuma da jinsi. Kyanwa mace ce a nahawun Hausa, muzuru kuwa namiji:

- Ka ɗauke ta. Jikinta ya yi sanyi.
- Ka ɗauke shi. Jikinsa ya yi sanyi.

Tambayoyi

1. Da kalmominka, ka bayyana bambancin firgita da durƙushewar jini.
2. Wane sashen jiki ne ya yi daidai da inji, wanne da bututu, wanne da ruwa?
3. Ka ƙirga bugun zuciyar wata kyanwa, ka sami 30 a sakan 15. Nawa ke nan a minti ɗaya? Me wannan yake nunawa?
4. Kimanin mililita nawa ne jinin kyanwa mai kilo 3?
5. Me ya sa ba a ɗaga tsumma don leƙa rauni?
6. Ka kawo dalilai biyu da suka sa ɗumama kyanwa yake da muhimmanci a Jos.
7. Ka mayar da waɗannan jimloli zuwa hani: (a) Ka zare ƙusar. (b) Ki ba shi ruwa. (c) Ku taru a kanta.
8. Ka sake rubuta Mataki na 5, ka sa *muzuru* a madadin *kyanwa*, kana yi wa mace magana.
9. Ka bayyana ma'anar karin maganar nan: "Da muguwar rawa gara ƙin tashi."

Jinga

Ka tambayi iyayenka ko maƙwabta sunan asibitin dabbobi mafi kusa da unguwarku. Ka rubuta sunansa, da hanyar da ake bi a je, da lokacin da tafiyar take ɗauka. Sannan ka rubuta matakan taimakon gaggawa bakwai a kan kwali da manyan baƙaƙe, ka kawo aji a mako mai zuwa.